Sarƙar taya König XG-12 Pro a kan hanyoyin tsaunukan Alps: abin da na gani cikin hunturu uku

Hunturu uku ke nan ina amfani da sarƙar taya samfurin König XG-12 Pro, wato sarƙar ƙarfe da ake ɗaura wa taya domin ta riƙe hanya a kan ƙanƙara, a kan motata Dacia Duster mai jan ƙafa huɗu, irin wadda mutanenmu na Nijar ke kira katkat, kuma duk hawa da gangarar da na yi da ita a tsaunukan da ke kewaye da birnin Grenoble ne, a kudu maso gabashin Faransa, inda nake zaune da iyalina. Da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi, domin ba a yanke wa sarƙa hukunci ranar da aka fito da ita daga kwali. Sai an durƙusa da ita a gefen hanya cikin duhu, yatsu sun ƙage saboda sanyi, motoci na wucewa suna watso wa mutum ruwan gishiri, sannan ake sanin ko kuɗin da aka biya sun yi rana. A wurina sun yi rana, kuma zan faɗi dalili, tare da abin da ya kamata mai irin wannan mota ya duba kafin ya sa hannu a aljihu.

A Damagaram na taso, inda ake ganin babu abin da zai gagari mota mai jan ƙafa huɗu. Duk wanda ya taɓa bin hanyar rairayi ya san dabarar: a rage iskar taya, a sa ƙafa huɗu, a riƙe totur kada a saki, mota ta fita. Da wannan tunani na zo Turai, kuma shi ne ya kusa jefa ni cikin wahala. Jan ƙafa huɗu yana raba ƙarfin inji ga tayoyi huɗu ne, saboda haka yana taimaka wa mota ta tashi daga tsaye, ta kuma hau tudu ba tare da tayoyin sun yi ta juyawa a wuri ɗaya ba. Amma birki, kowace mota a ƙafa huɗu take da shi, ƙarama da babba, don haka idan aka zo tsayawa ko shan kwana a kan ƙanƙara katkat ba ta fi ƙaramar mota da komai ba, hasali ma nauyinta yakan sa ta fi wuyar tsayawa. Rairayi riƙe mota yake yi, da ka ɗaga ƙafa daga totur za ta tsaya da kanta. Ƙanƙara kuwa sakinta take yi. Babban haɗarin shi ne hawan yana ruɗar direba: ya ga ya wuce ƙananan motocin da suka maƙale, zuciyarsa ta gaya masa hanya lafiya lau take, sai ya zo gangare ya taka birki sannan ya gane cewa tun ɗazu a kan santsi yake tafiya.

Sarƙar da na fara saya ba wannan ba ce. A hunturuna na farko na ɗauki wata mai araha a wani babban kanti, siririya mai kaurin milimita 9, na jefa ta a but ko leda ban yage ba, don dai in an tambaye ni in ce ina da ita. Wata Asabar a watan Fabrairu muka nufi Alpe d'Huez, wurin wasan zamiya da ke kan tsayin mita 1,860, wanda hanyarsa ke tasowa daga garin Bourg-d'Oisans da kwanoni 21 masu lamba, ana ƙirga su daga 21 a ƙasa zuwa 1 a sama. Masu kallon tseren keke na Tour de France sun san ta. Dusar ƙanƙara na zuba tun asuba, jandarmomi kuwa sun tsaya a gindin dutsen suna karkatar da motoci zuwa filin da aka tanada domin ɗaura sarƙa. Na sauke gilashi na ce wa jandarman ai motata mai jan ƙafa huɗu ce. Ya leƙa tayoyina, waɗanda na bazara ne, ya nuna mini filin da hannu bai ce uffan ba. A nan na shafe kusan minti arba'in ina juya sarƙar da ta cukurkuɗe kamar zaren da akuya ta taka, uwargida na riƙe mini fitilar waya, yara na cikin mota suna tambayar yaushe za mu tafi. Wani dattijo da ya gama ɗaura tasa ne ya ga halin da nake ciki, ya zo ya warware ta, ya nuna mini cewa na juya ta ne ciki ya koma waje. Mun hau, amma ban tsaya na ƙara ɗaure ta bayan 'yar tafiya ba kamar yadda takardarta ta ce, sai ta saki, ta riƙa dukan robar da ke saman taya har zobe ɗaya ya tsinke kafin mu kai rabin dutsen. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma rabin laifin nawa ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya kamata mai karatu ya san cewa a Faransa wannan magana ta wuce ra'ayin direba. Tun ranar 1 ga Nuwamba 2021, a ƙarƙashin dokar da suke kira Loi Montagne, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris na kowace shekara duk ƙaramar motar da za ta shiga garuruwan tsaunuka da hukuma ta ayyana dole ne ko dai ta kasance da tayoyin hunturu huɗu, ko ta ɗauki sarƙa ko safar taya (yadin da ake sa wa taya a madadin sarƙa) da za ta isa aƙalla tayoyi biyu masu ja. Jihohi 34 abin ya shafa, har da Isère inda nake, kuma dokar ba ta ware mai jan ƙafa huɗu ba. Daga 1 ga Nuwamba 2024 an ƙara tsanantawa: tayar da ke ɗauke da harufan M+S (alamar tayar laka da dusar ƙanƙara) kaɗai ba ta shiga lissafin tayoyin hunturu, sai mai tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa, wanda ake kira 3PMSF. Wannan ya shafi masu manyan motoci ƙwarai, domin da yawa daga cikin tayoyin daji masu manyan haƙora M+S kawai aka rubuta musu. Akwai kuma allon hanya zagayayye mai launin shuɗi da hoton taya sanye da sarƙa, wanda ake gani a Faransa da Jamus da Ostiriya da Suwizalan. Shi ba ajiye sarƙa a but yake nufi ba, a kan taya ake son ganinta idan hanya ta rufe da dusar ƙanƙara. A Suwizalan akan ƙara wani ƙaramin allo a ƙarƙashinsa a wasu hanyoyi da ke ɗauke wa masu jan ƙafa huɗu wannan nauyi, amma inda babu ƙaramin allon, kowa sai ya ɗaura.

Bayan abin da ya same ni na koma na yi abin da ya kamata in fara yi, wato na buɗe littafin da kamfani ya bayar tare da motar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayar da kowa ke yi game da mota mai jan ƙafa huɗu ita ce, a gaba za a ɗaura ko a baya, kuma amsar ta bambanta daga mota zuwa mota. Littafin Duster ya ce a ɗaura a tayoyin gaba ko a duka huɗun, ya kuma hana ɗaurawa a baya kaɗai, saboda a tafiyar yau da kullum tayoyin gaba ne ke jan motar, na baya suna shigowa ne idan na gaba sun fara zamewa. Motoci irin su Toyota Hilux da Land Cruiser kuwa a baya littattafansu ke cewa a ɗaura. Wani ɗan'uwanmu da ke tuƙa Hilux a nan ya taɓa ce mini, “Malam, ai ni a gaba zan sa, tun da can sitiyari yake.” Na ce masa hankali zai iya ba shi gaskiya, amma ya tura hannunsa bayan tayar gaba ya ji abin da ke wurin tukuna. A can ne tiyon birki yake, da wayar na'urar ABS mai hana tayoyi kullewa idan an taka birki, da ƙafar shokozoba, kuma idan aka murza sitiyari har ƙarshe tazarar tana ƙara raguwa. Sarƙar da ta kama tiyon birki a kan gangare, mai ita ya gwammace bai ɗaura komai ba.

Wannan tazara ta bayan taya ita ce ke yanke hukuncin irin sarƙar da mutum zai iya saya. Lambar 12 da ke cikin sunan wannan samfuri tana nufin sarƙar na ƙara kaurin milimita 12 a kan fuskar taya da kuma gefenta na ciki. Akwai masu milimita 7 da 9 na ƙananan motoci masu matsattsen wuri, akwai masu 16 na manyan motocin daji da na ɗaukar kaya. Siririya tana da sauƙin ɗauka, ba ta girgiza mota sosai, amma nauyin babbar mota da ƙarfin injinta suna saurin cinye ta. Mai kauri tana cizon ƙanƙara da kyau, tana jure wahala, sai dai tana bukatar fili. Ga mota matsakaiciya irin tawa, wadda ba Hilux ba ce ba kuma ƙaramar motar gari ba, na ga 12 ita ce daidai. Wasu motocin zamani masu faffaɗan wili, littafinsu cewa yake kada a ɗaura musu sarƙar da ke zagayawa ta bayan taya sam, kuma mai irin wannan mota kada ya yi gardama da littafin.

Sai girman taya. A gefen tayata an rubuta 215/65 R16: faɗinta milimita 215, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wilin kuma inci 16. Kowace sarƙa tana da jerin girman tayoyin da ta dace da su a jikin akwatinta, kuma dole lambobin uku su zo daidai. A karanta su a jikin tayar kanta, kada a dogara da sunan mota, domin mota ɗaya tana fitowa da wili iri biyu ko uku. Ko lambobin sun yi daidai ma, tayar daji mai manyan haƙora takan fi tayar kwalta cika, don haka gwaji a gida kafin ranar mayar da kaya ta wuce shi ne kawai tabbaci.

Kamfanin König na Italiya ne, a garin Molteno da ke yankin Lecco, kuma an yi shekaru ana sayar da sarƙoƙinsa da sunan Thule, shi ya sa har yanzu ake ganin wannan samfuri a hannun mutane da tsohon sunan. Sarƙar tana da shaidar ma'aunin Ostiriya mai lamba ÖNORM V 5117, wanda ake nema a can, kuma wannan yana da amfani ga mai tsallaka iyaka. A cikin akwatin akwai sarƙa biyu. Kowace tana da wata waya mai lanƙwasuwa da aka lulluɓe da roba, wadda ke zama a bayan taya, sai ragar sarƙa da ke hawa kan fuskar taya. Saƙar ragar ba irin ta tsani ba ce da ake gani a tsofaffin sarƙoƙi, inda sarƙa ke gittawa a miƙe ana barin fili tsakani. Wannan a karkace take, tana gicciye juna, don haka kowane lokaci akwai ƙarfe tsakanin taya da ƙanƙara, kuma tana riƙe mota ta gefe a cikin kwana, abin da mai tsani ba ta iya yi sosai. An yi wa wuraren haɗawa launi daban-daban domin a san wace ƙugiya ke shiga ina, an kuma sa ƙananan robobi a inda sarƙar ke kusantar wili domin kada ta karce wilin alminiyam. Babban abin da ya sa na zaɓe ta shi ne tana ƙara ɗaure kanta yayin da mota ke tafiya, wato ainihin abin da na yi sakaci da shi a Alpe d'Huez.

Ga yadda nake ɗaura ta. Nakan nemi wuri shimfiɗaɗɗe nesa da bakin hanya, in ja birkin hannu, in sa giya, in kunna fitilun gargaɗi, in sanya rigar nan mai ƙyalli da doka ta ce kowace mota ta riƙe. Nakan share dusar da ta taru a gindin taya da ƙafa, in shimfiɗa tsohon buhu in durƙusa a kai. Sai in ɗaga sarƙar ta wajen wayar in girgiza ta har ragar ta sauka babu murɗewa, domin zobe ɗaya da ya murɗe ya isa ya sa a ga kamar sarƙar ta yi wa taya kaɗan. In tura wayar a ƙasa ta bayan taya daga gefe ɗaya har bakinta ya ɓullo ta ɗaya gefen, in kama bakunan biyu, in ɗaga su sama kamar mai rungumar tayar, in haɗa su a saman taya inda ido ke gani. Daga nan in jawo ragar ta rufe fuskar tayar, in maƙala ƙugiyar waje ta sama, sannan in tura wayar can baya da tafin hannu har ta sauka daga kan fuskar taya ta zauna a gefenta na ciki. Wannan turawar ita ce mutane suka fi mantawa, kuma wayar da ta zauna a kan fuskar taya mota za ta taka ta ta lalata. Abin da ya rage shi ne a zura sarƙar ɗauri a cikin maƙallin da ke ƙasa, a ja da ƙarfi, a maƙala bakinta a jikin abin da ke ƙara ɗaurin. Ba a bukatar jek, ba a kuma rage iskar taya. Wannan dabarar ta rairayi ce, a nan sassauta sarƙa kawai za ta yi.

Ranar da na fara gwadawa a bakin gareji, rana tsaka, babu sanyi, na yi minti goma sha biyar a kan taya ɗaya ina duba takarda. Na kwance na sake ɗaurawa har sau uku, maƙwabta na wucewa suna kallona. Yanzu tayoyin biyu ba sa cin mini minti goma ko da dare ne. Duk da cewa an yi ta ne domin ta ɗaure kanta, ban daina tsayawa bayan mita ɗari ko makamancin haka in zagaya in taɓa ta ba, kuma ban taɓa tarar da ta saki ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Inda na tabbatar da ingancinta shi ne a mashigin Lautaret, mai tsayin mita 2,058, a kan hanyar da ke haɗa Grenoble da Briançon, wadda ake ƙoƙarin barinta a buɗe duk hunturu. Muna dawowa ne da yamma a watan Janairu, iska na kwaso dusar ƙanƙara daga gefen dutse tana mayar da ita kan hanyar da motar shara ta riga ta share, ƙarƙashinta kuma ƙanƙara ce da tayoyi suka daddanne ta yi sulɓi. A lokacin na riga na sa tayoyin hunturu huɗu, kuma sun kawo ni har sama lafiya. Amma da na fara gangarowa na taɓa birki kaɗan, sai na ji fedar tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, alamar na'urar ABS na fama, motar kuma ba ta rage gudu yadda na so ba. A fili na farko da na samu na tsaya na ɗaura. Bambancin a bayyane yake tun daga kwanar farko: na murza sitiyari gaban motar ya bi inda na nufa, na taka birki na ji ƙarfe ya cije. Na sauko a giya ta biyu, inji na riƙe motar, gudun bai wuce kilomita 30 a awa ba. Masu ƙera sarƙa sun ce kada a wuce kilomita 50 a awa, a Jamus ma doka ce, amma a irin wannan gangare babu mai hankalin da zai kusanci 50.

A wannan gangaren ne kuma na ga iyakar sarƙa biyu. Da yake gaba yana cizo baya kuwa taya ce zalla, sau biyu na ji bayan motar ya yi ɗan lilo a cikin kwana, kamar yana son ya riga gaba isa. Haka abin yake ga kowace sarƙa da aka ɗaura a gaba kaɗai: ƙafafun da ke da riƙo suna rage gudu, waɗanda ba su da shi suna neman ci gaba da tafiya. Wanda ya ɗaura a baya kaɗai kuma akasin haka yake gani, motar na turawa da kyau amma gaba yana ƙin shan kwana. Maganinsa shi ne a rage gudu tun kafin a shiga kwana, kada a taka birki a tsakiyarta, kuma ga wanda littafin motarsa ya yarda, sarƙa huɗu sun fi biyu nesa ba kusa ba. Tayoyin hunturun da ke baya su ne suka sa lilon bai wuce lilo ba. Da tayoyin bazara ne, waɗanda robarsu ke sandarewa idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, da labarin ya sha bamban. Shi ya sa nake ce wa masu tambayata kada su ɗauki sarƙa a matsayin madadin tayoyin hunturu ko da doka ta ba da zaɓi. Taya ita ce ta kullum, sarƙa kuwa ta ranar da abin ya fi ƙarfin taya.

Akwai abubuwan da mai saye zai haƙura da su, kuma ɗabi'ar irin wannan sarƙa ce gaba ɗaya. Dole ne hannu ya shiga bayan taya, saboda haka hannun riga zai jiƙe, zai kuma yi baƙi. Safar hannu mai kauri ba ta barin a kama ƙugiya, siririya kuma ba ta tare sanyi. Ni na tsaya a kan safar aiki mai roba a tafin hannu, ina ajiye wata busasshiya domin tuƙi. Idan mota ta riga ta nutse a cikin dusar ƙanƙara, zura wayar ta ƙasa yana da wuya ƙwarai sai an yi haƙa, don haka a ɗaura tun ana ganin hanya, kafin a maƙale. Tana da ƙara da girgiza, kuma da zarar an fito kan kwalta tsirara dole a tsaya a cire, in ba haka ba ƙarfen zai cinye, taya ta wahala, hanya ma ta wahala. A ranakun da hanya take rabi fari rabi baƙi mutum zai iya ɗaurawa da cirewa sau biyu a tafiya ɗaya, kuma babu daɗi. Cirewar dai ba ta da wuya: a kwance ɗaurin waje, a raba bakunan wayar baya, a shimfiɗa sarƙar a ƙasa, a matsar da mota kaɗan ta sauka daga kanta. Farashinta ya ninka na wadda na fara saya sau uku ko huɗu.

Na duba wasu hanyoyin kafin in tsaya a kanta. Safar taya, irin ta kamfanin AutoSock na ƙasar Norwe, yadi ne mai ƙarfi da ake sa wa taya kamar hula. Ba ta da nauyi, ba ta cin wuri, tana shiga motocin da sarƙa ba ta shiga, dokar Faransa kuma ta amince da ita. A kan sabuwar dusar ƙanƙara tana aiki sosai, amma kwalta tana saurin cinye ta, kuma a kan daskararriyar ƙanƙara mai gangare ba ta kai ƙarfe cizo ba. Ga mazaunin gari da ke hawa dutse sau ɗaya a shekara ta wadatar. A ɗaya ɓangaren akwai irin K-Summit, ita ma ta König, wadda ake maƙalawa a kan notin wili daga waje, babu abin da ke shiga bayan taya, tana hawa da kanta idan mota ta motsa. Ita ce mafita ga motocin da ba su da fili a baya, kuma hannu ba ya ɓaci, sai dai kuɗinta ya yi wa aljihuna yawa, akwatinta kuma babba ne. Kamfanonin Pewag na Ostiriya da RUD na Jamus su ma suna da sarƙoƙi masu kauri na manyan motoci, kuma da Hilux nake tuƙawa a hanyoyin gona da ba a sharewa, wajen masu milimita 16 zan nufa. Abin sha'awa shi ne asalin dabarar bai canja ba tun shekarar 1904 da wani Ba'amurke mai suna Harry Weed, mazaunin jihar New York, ya yi rajistar sarƙar taya. Abin da aka yi ta gyarawa cikin shekaru fiye da ɗari shi ne yadda za a ɗaura ta ba tare da an kwanta a ƙarƙashin mota ba.

Gishirin da ake watsawa a hanya shi ne babban abokin gabar sarƙa. Duk ranar da na yi amfani da ita, ina isa gida nake zuba ta a bokiti in ɗauraye da ruwan ɗumi, in rataye ta a gareji ta kwana ta bushe, sannan in bi zoben ɗaya bayan ɗaya da yatsa ina duba wanda ya siranta ko ya buɗe. Bayan hunturu uku, zoben da ke taka ƙasa sun yi haske sun ɗan lafe, akwai ɗigon tsatsa nan da can wanda tsumma mai ɗan mai ke gogewa, amma babu wanda ya tsinke, abin ɗaurin kuma yana ja kamar ranar farko. Wajen naɗewa nakan haɗa bakunan wayar tukuna, in sa kwali tsakanin sarƙa biyun domin kada su shiga juna, in ɗora akwatin a saman kaya, domin na taɓa ganin mai iyali yana sauke jakunkuna shida a cikin dusar ƙanƙara yana neman tasa a ƙasan but. A gefensa akwai buhun durƙuso, da tocila mai ɗaurawa a goshi, da ƙaramin shebur mai naɗewa. Bana na yi odar sarƙa biyu irinta domin tayoyin baya, kuma ranar Lahadin da ta wuce ni da babban ɗana muka gwada su a bakin gareji; shi ya ɗaura ta hagu, ya kuma riga ni gamawa.